Kujerar da Na Ƙi Hawa a Maiyama

Fatakwal, tsakiyar damina.

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uban da ya shekara huɗu bai sa ɗansa a ido ba. Ka gaida innarka da ƙannenka. Ka gaida kakanka Alhaji Ummaru, ka ce masa daga nan ma a durƙushe nake. Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya, ya tsare ka a hanyar da za ka kama, ya raba ka da sharrin ƙarfe da sharrin bakinka.

Takardarka ta iso ta hannun Shehu direba, tana warin albasa kamar duk abin da ya hau motarsa daga Aliero. Na ga an ɗauke ka aiki a Birnin Kebbi, za ka kula da janareto da motar yankan ciyawa a wasu sababbin gidaje. Alhamdu lillahi. Amma akwai layi ɗaya da ya sa na ajiye takardar na fita waje cikin ruwa, inda ka ce, "Baba kada ka damu, ba injin da zai gagare ni." Wa ya koya maka wannan magana? Ba sai ka amsa ba, na san ni ne. Na taɓa faɗin ta a gaban mutane, kuma ita ce ta kawo ni garin nan da ruwa ba ya ɗaukewa, ina yankan ciyawar da ba dabbar da za ta ci.

Ba labarin gari zan ba ka ba. Aike ne zan yi maka, kuma ba na son ka taka Birnin Kebbi sai ka isar da shi. Akwai wani dattijo a Kuberi, Mamman sunansa, wanda ya yi gadi a gidan saukar baƙin nan na bakin titi a Maiyama. Na ɗora masa laifin da bai yi ba, aka kore shi, har yau mutane suna kallon sa a matsayin maci amana. Shehu ya gan shi ranar kasuwa yana sayar da igiya, ya ce idonsa ya fara tafiya, jikin ma ya saki. Ina so a wanke sunansa yana da rai. Na san Maiyama ba kan hanyarka take ba. Ka karkata.

Kana makarantar koyon sana'a lokacin da abin ya faru, abin da ya iso kunnenka shi ne wai wani maigadi ya lalata wa babanka inji. Ga yadda aka yi.

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi, kowa ya ɗauka Jega da Maiyama za su koma birni kafin kaka. Wani attajiri ya gina gidan saukar baƙi, ya shuka ciyawa a gabansa, ya sa ɗan kwangila ya kawo masa motar yankan ciyawa daga Legas, irin wadda ake hawa, ja, mai ƙafa huɗu da kujera da sitiyari. Ka dubi wannan aiki don Allah. A ƙasar da mata ke fita da lauje tun da safe neman abin da akuya za ta ci, aka sayo ƙarfen da ke niƙe ciyawa ya watsar. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Amma ba a tambaye ni ba, kuma da aka ce ana neman mai kula da ita ban ce a'a ba.

A lokacin ba lambun albasa daga Aliero zuwa Gehuru da Jandutsi da ban gyara injin ban-ruwansa ba. Garba mai inji, ko yaro ya san ni. Kakanka ne ya kai sunana wurin attajirin, don tare suke fataucin albasa. Ya ce masa, "Surukina na, ba ya ba ka kunya." Da aka tambaye ni ko na san irin wannan mota, ban taɓa ganin ta ba ko a hoto, amma na ce inji duk inji ne, ba wanda zai gagare ni.

Wannan shi ne kuskurena na fari, kuma daga shi sauran suka fito. Injin ban-ruwa igiya ake ja. Ba batir, ba makulli, ba wayoyi sai ta fulogi. Abin da na sani ke nan, kuma na san shi ƙwarai. Da na ce, "Alhaji, wannan ban san ta ba, a bar ni kwana biyu da wanda ya kawo ta," ba abin da zai ragu a jikina. Nasiru, in aka nuna maka injin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba tun mutane ba su taru ba. Kunyar faɗin haka ta minti ɗaya ce. Tawa ga ta tana shekara ta huɗu.

Ranar da aka kawo ta ina Gehuru wajen wani inji da ya sha yashi, ban ga saukar ta ba. Waɗanda suka gani sun ce yaron ɗan kwangila ya hau, ya murɗa makulli sau ɗaya, ta tashi, ya zagaya filin, ya kashe, ya miƙa wa maigadi makullin, suka juya Legas. Ba takardar bayani, ba kalma ɗaya ta yadda ake tada ta. Shi ma ɗan kwangilar nan Allah zai tambaye shi. Ka sayar wa mutane abin da ba su taɓa gani ba, ka kama hanya ba ka tsaya ka nuna wa ko mutum ɗaya ba? Amma ba laifinsa na zauna rubutawa ba, nawa ne.

Washegari da hantsi aka buɗe gidan. Na iso da wuri, Mamman ya shimfiɗa min tabarmarsa, ya dama fura muka sha tare. Ya ciro makullin daga aljihu, ɗaure da zare, ya ce, "Ga amanarka, Malam Garba. Ni ko kusa da ita ban zo ba, tsoron ta nike ji." Muka yi dariya.

Sai manya suka fito kallo. Attajirin, manajan gidan, dattawan Maiyama, 'yan kasuwar Jega, mahauta da direbobi sun yi da'ira. Kakanka yana gaba, da sandarsa, taku uku tsakanina da shi. Aka ce Garba ya tada mota.

To ka gaya mini, kai da aka haifa a gidanmu, ta yaya zan ɗare kujera in harɗe bisa, surukina yana tsaye a ƙasa? Ni da ko abinci ban taɓa ci a gabansa ba, ko hanya muka haɗu sai na cire takalmi? Ban ma yi shawara da zuciyata ba. Na tuɓe takalmi, na durƙusa gefen motar, na miƙa hannu na murɗa makulli.

Shiru.

Na sake. Shiru. Ko tari ba ta yi ba. Na zagaya ina neman igiya, babu. Na buɗe tanki, ga fetur har wuya. Na sake durƙusawa na murɗa. Wani mahauci daga baya ya ce, "Halan sai an yi mata kirari." Wani direba ya ce, "A kawo jaki shi ja ta, ko ba komi ya ci ciyawar." Aka fashe da dariya. Na ɗaga ido na ga kakanka ya sunkuyar da kai yana zana ƙasa da sanda. Attajirin ya ce, "Alhaji, wanga shi na gwanin naka?"

Kakanka ya ce a hankali, "Malam Garba, mi ya faru?"

A nan ne na yi abin da na yi. Na shinshina bakin tanki kamar wanda ya gano wani abu, na miƙe na ce, "An taɓa motar ga. Jiya ta tashi lafiya, yau ta ƙi. A tambayi wanda makulli ya kwana hannunsa."

Duk ido ya koma kan Mamman. Yana tsaye can gefe da butarsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam Garba, ka gani da idonka na taɓa ta?"

Na ce, "Ba sai na gani ba, aikina ya gani."

Ya ce, "To. Allah ya gani."

Manaja ya sallame shi nan take, a gaban kowa, har da kalmomin da ba zan rubuta ba. Ya naɗe tabarmar da na zauna a kai da safe, ya ɗauki ƙwaryar da muka sha fura, ya kama hanyar Kuberi a ƙasa. Daga baya na ji cewa a ƙauyensu shi ke riƙe makullin rumbun da ake tara hatsin masallaci, shekara da shekaru, aka karɓe. Mutumin da duk abin da ya mallaka a duniya shi ne a ce ana ba shi ajiya.

Zan yi wa kaina adalci kaɗan: a ranar na yarda da abin da na faɗa, ko in ce na tilasta wa zuciyata ta yarda. Amma ban gani ba, kuma na san ban gani ba. Nasiru, inji ba ya da baki. In ya ƙi tashi mutane sukan nemi mai baki su kama, kuma kullum wanda ake kamawa shi ne wanda ba shi da kowa, maigadi ko mai shara. Kai ne makanike, maganarka ce hukunci a wurin. Kada sunan mutum ya fito daga bakinka sai ka riƙe abin da ya lalace a hannunka, ka kuma san yadda ya lalace. Ko a lokacin ma ka faɗi abin da ya sami ƙarfe, ka bar mutum.

Da taro ya watse, da na tsaya na huce, da wataƙila gajiya ta sa na zauna a kujerar na murɗa makullin, komai ya ƙare a ranar. Amma ina! Na riga na ce an taɓa ta, dole in samo inda aka taɓa. Na kwance kafireta ina neman yashi ko gishiri. Tas take, sabuwa fil. Wajen kwancewa na yaga gasket ɗin da ke hana ta yoyo, wani ɗan siririn sifirin ya yi tsalle ya ɓace. Na koma kan wayoyi, na sa sukundireba na haɗa waɗanda ban san aikinsu ba, wuta ta yi tartsatsi, wani abu ya yi ƙauri. Kafin la'asar motar da ba abin da ya same ta da safe ta zama matacciya da gaske, kuma ni na kashe ta. Na zuba kayan kafiretar a gwangwani na ba manaja, na ce ɓarnar maigadi ta yi yawa, sai an aiko da kaya daga Legas.

Ka ji wannan da kyau: kada ka kwance inji kana fushi, kuma kada ka kwance shi don neman hujjar maganar da ka riga ka yi. Hannun mai fushi ba ya gyara. In mutane sun taru a kanka, ka ce su ba ka wuri, ka je ka yi alwala, ka dawo.

Ba wanda ya kore ni daga Jega. Manoma ba su daina kawo min inji ba. Ni ne na kasa haɗa ido da kakanka, kuma duk ranar kasuwa sai wani ya ce, "Garba, an samo jakin?" Da rani ya yi na hau motar albasa na taho nan, na ce wa innarka neman kuɗi zan je. Shekara uku ina saran ciyawa da adda a gidajen wani kamfani, ni da nake da rumfa da almajiran sana'a.

Kafin azumin da ya wuce mai tuƙa motar yankan ciyawarsu ya bar aiki. Babban makanikensu, wani dattijo da muke kira Oga Bonifas, wanda ya yi zaman Gusau har Hausarsa ta fi ta wasu, ya ce ya ji ni makanike ne, in zo in gwada. Motar irin waccan ce, sai dai koriya. Yana tsaye a kaina, babba ne, ya girme ni. Jikina ya yi abin da ya saba. Na durƙusa, na miƙa hannu, na murɗa.

Shiru. Wallahi irin shirun nan na Maiyama, ba bambanci.

Ya riƙe ciki yana dariya. Ya ce, "Malam, gaishe ta kake yi? Sarauniya ce? Hau ka zauna mana!"

Na ce, "Oga, kana tsaye."

Ya ce, "To ina ruwan inji da tsayuwata? Zauna, taka birki har ƙasa, ka ga sandar da ke kunna wuƙar yanka tana baya, sannan ka murɗa."

Na zauna. Na taka. Na murɗa. Ta tashi da ruri.

Ya ɗaga kujerar ya nuna min wani ɗan makunni a ƙarƙashinta, bai kai kan babban yatsa ba. Ya ce masu ƙera ta sun sa shi ne don kada wuƙa ta yi ta juyawa ba kowa a kai, ta sare ƙafar wani. In ba nauyin mutum a kujera, in ba a taka birki ba, wuta ba za ta isa ga sitata mai tada injin ba, ko shekara za ka yi kana murɗawa.

Ban yi dariya ba. Na kashe, na sauka, na durƙusa, na murɗa: shiru. Na hau: ta tashi. Sai da na yi haka sau biyar. Oga ya ce, "Malam, lafiya?" Na ce lafiya. Na je bayan ɗakin kaya na zauna a ƙasa, abin da nake gani kawai shi ne Mamman yana naɗe tabarma.

Wata takwas ke nan da na sani, ban gaya wa kowa ba. Wannan kuskure ya fi na farko muni, don na farkon da jahilci a ciki, wannan kuwa tsoro ne zalla. Kullum sai in ce in ruwa ya ɗauke zan nemi hutu in je da kaina. Ba a ba mai yankan ciyawa hutu da damina, gaskiya ne, amma na ji daɗin samun wannan uzurin, kuma na tsani kaina don haka. Da Shehu ya ce min idon Mamman ya fara tafiya na gane ba ni da wata takwas na biyu. In ka gano kuskurenka, ka faɗe shi a ranar. Kowace safiya da ka ƙara, nauyinsa ƙaruwa yake, bakinka kuma ƙara ɗaurewa yake.

Baki kawai ba zai wanke shi ba. Mutane da ido suka ga motar ta ƙi, da ido za su ga dalili. Shehu ya ce tana nan gindin dogonyaro bayan gidan, tayoyi sun sace, kaji suna ƙwai a kujerar. Za ka tada ta. Na haɗo maka ƙullin kaya tare da takardar nan: gasket, fulogi sabo, fiyus biyu, da ɗan sifirin. Sifirin ɗin ba sabo ba ne. A aljihun rigata na tsince shi ranar da na iso Fatakwal, ashe ciki ya faɗa. Ban san abin da ya hana ni jefar da shi ba.

Ka fara da gaida manaja, ka nemi izni, ka karɓi gwangwanin da na bar masa da makullin. Kada ka yi gaggawar murɗawa. Injin da ya shekara huɗu a kwance ba a tashin sa da tsawa. Ka zubar da abin da ya rage a tanki, don tsohon fetur yakan zama danƙo ya toshe tiyo da kafireta. Ka wanke tankin, ka busa tiyon. Kada ka zuƙa da baki yadda kuka saba, na taɓa yi a Jandutsi na kwana biyu ina gyatsar fetur. Ka wanke kayan kafiretar, ka mayar da su wurinsu da sabon gasket da sifirin ɗin. Ka juye baƙin mai ka zuba sabo. Ka ciro fulogi, ka ɗiga mai kaɗan a raminsa, ka juya injin da hannu har ka ji ya saki. In ya ƙi juyawa kada ka sa ƙarfi, ka ƙara mai ka ba shi kwana. Ka leƙa matatar iska da salansa, zanzaro yakan yi gini a ciki, ɓera ma yakan yi sheƙa. Ka bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya ka ga inda aka ci. Fiyus ɗin da na ƙona yana kusa da batir, ka sauya. Batir ɗin kam ya daɗe da mutuwa, Shehu ya ce zai ara maka na wata ƙaramar mota. Kan batir ka kankare shi ya yi haske, ka ɗaure tam.

Fetur kuma kada ka saya na kwalba ka zuba kai tsaye. Ka bar shi ya kwanta a kwalba mai haske, in da ruwa za ka gan shi a ƙasa.

In ta ƙi, kada ka kama sifana. Ka saurara tukuna. Wannan Oga Bonifas ya koya min, kuma da na san shi a Maiyama da yanzu ina gida. Ƙin tashi iri-iri ne, kowanne da muryarsa. In ka murɗa ka ji shiru ɗungurungum, ba ruwan fetur, ba ruwan kafireta, wuta ce ba ta wuce ba: ka duba zamanka, da birki, da sandar wuƙa, da fiyus, da makulli. Ni shiru na ji, na je ina shinshinar tanki kamar kare, makaniken da ake ji da shi! In ka ji ƙas-ƙas-ƙas ba ta juya ba, batir ne ya yi sanyi ko kansa ya yi tsatsa. In tana juyawa amma ta ƙi kamawa, to yanzu ka shigo gonar da ka sani, irin ta injin ban-ruwa: mai, wuta, iska. Ka ja cok, ka rage mata iska. Ka ciro fulogi ka gani, in busasshe ne mai bai iso ba, in ya jiƙe sharkaf mai ya yi yawa, ka shanya shi ka mai da cok. Ka jingina shi jikin inji ka ga ko yana ba da wuta shuɗiya. In kuma ta kama ta yi ɗan gudu ta mutu, ka sassauta murfin tanki, wani lokaci ɗan hujin numfashinsa ne ya toshe. In ba shi ba ne, ka koma kafireta, akwai hujin da ba ka wanke ba. Hayaƙi fari a tashin farko kada ya tsorata ka, man da ka ɗiga ne ke ƙonewa.

Kuma duk abin da zai kai hannunka ƙarƙashinta, ka cire wayar fulogi tukuna. Yatsana na hagu na tsakiya ya gajarta tun watan jiya, ban gaya wa innarka ba, kai ma kada ka gaya mata.

Abu ɗaya ne in ka yi ba zan yafe maka da wuri ba. Makunnin ƙarƙashin kujera wataƙila ya yi tsatsa, ga kashin kaji. Za ka ji sha'awar yanke wayoyinsa ka haɗe su, yadda makanikan garin nan suke yi don su huta. Kada ka kuskura. Ka wanke shi, ka goge, ka lallaɓa shi har ya yi aiki. Shi ne kaɗai shaidar Mamman. In ka haɗe wayoyin nan motar za ta tashi ko a durƙushe, mutane su ce ɗan Garba ya gyara ɓarnar maigadi, ka ƙara binne shi.

In ta tashi a hannunka kai kaɗai, ka kashe, ka rufa mata buhu, kada ka yi shela. Ka je Kuberi da kanka ka ɗauko Mamman a babur. In ya ƙi zuwa yana da gaskiya, kada ka ja da shi, ka durƙusa ka ce ɗan Garba ne ya zo da roƙo, ka jira. Ka sa a yi ranar kasuwar Maiyama, a kira attajirin da manaja da duk wanda ya ga na farko, har mahaucin nan mai kirari in yana nan. A zo da limamin Kuberi, don can aka karɓe masa makulli. Ka roƙi kakanka ya zo, ya tsaya inda ya tsaya.

Sai ka tuɓe takalmi, ka durƙusa yadda na durƙusa, ka murɗa. Su ji shirun. Ka bar su su ji shi sosai, har wani ya fara maganar jaki. Sannan ka hau ka zauna, ka taka, ka murɗa. Ka kashe, ka sauka, ka sake. Sau uku, don kada a ce sa'a ce. Ka ɗaga kujerar ka nuna musu makunnin.

Daga nan ka faɗi wannan, da ƙarfi, yadda na rubuta: "Babana Garba ya ce ba wanda ya taɓa motar ga. Shi ne bai san ta ba, kunya ta hana shi zama, girman kai ya hana shi cewa bai sani ba, ya yi wa Mamman ƙazafi, sannan ya lalata ta da hannunsa." Na san ka. Za ka so ka ce an samu rashin fahimta, ko ƙaddara ce. Ban aike ka da wannan ba. A gaban mutane na ɓata shi da kalmomi masu kaifi, ba za a wanke shi da masu laushi ba. In muryarka ta ƙi, ka miƙa wa liman takardar ya karanta.

Ban ce ka roƙa min gafararsa ba. Wannan nawa ne, in ruwa ya ɗauke zan zo in durƙusa a ƙofarsa in Allah ya kai mu ni da shi. In ya yafe, alherinsa ne. In ya ƙi, bai zalunce ni ba. Abin da nake so kawai ya koma Kuberi ranar nan mutane suna ba shi hannu.

Ba na zargin kunyar da na ji. Haka aka rene mu, kuma ba na son ranar da za ka wuce babba da takalmi a ƙafa. Amma ladabin da ya hana ni zama a gaban dattijo ɗaya bai hana ni tozarta wani dattijon ba, don ɗaya Alhaji ne ɗaya maigadi. Wannan ba ladabi ba ne, tsoron manya ne. Ka bambance su a inda za ka, don can ma akwai masu manyan riguna da za su tsaya a kanka, akwai kuma maigadi.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya. Ya tsare hannunka daga wuƙa, ya tsare harshenka daga sunan mutane. Ya sa albarka a aikinka, ya haɗa ka da shugaban da ke jin "ban sani ba" bai yi fushi ba. Ya ja kwanan Mamman har ka isa. Amin.

Na san abin da ke ranka, don ni ma ya daɗe a nawa: kakanka zai kasance a tsaye, kai kuma bisa kujera. To ni surukinsa ne, kai jikansa ne. Kai ne kake cire masa hula ka gudu, kake ce masa tsoho mai ran ƙarfe, kake cewa za ka ƙwace masa mata yana dariya. Abin da ya gagare ni a gabansa, kai wasa ne a wurinka. In ya harare ka, ka ce masa ya matsa kada angon kaka ya take shi. Ka hau, Nasiru, ka zauna da dukan nauyinka.

In ta tashi karo na uku, ka sauka ka kama hannun Mamman. Ya ce min tsoron ta yake ji. Ka zaunar da shi a kujerar, ka ɗora ƙafarsa a kan birki, ka sa masa makullin a hannu, shi ya murɗa.

Wassalam.

Mahaifinka,
Garba mai inji.